Chappal Waddi da dajin Gashaka-Gumti: wane wata, ta wace hanya, da wane kaya?

Aminu: Assalamu alaikum jama'a. Mu shida ne muke shirin zuwa Gashaka-Gumti, muna da kwana 7 har da zuwa da dawowa daga Jalingo. Muna so mu taka ƙololuwar Chappal Waddi, mu kuma ga biri mai ganga, wato chimpanzee, da sauran namun daji. Masu sanin wurin, wane wata ya fi, ta ina ake shiga, me za mu ɗauka?

Malam Buba: Wa alaikumus salam. Malam Aminu, kafin maganar wata a gyara lissafin tukuna. Abin da kuka haɗa ɗin nan tafiya biyu ce, kuma ba gefe ɗaya suke ba. Gandun nan ya fi kowanne girma a Najeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000 tsakanin Taraba da Adamawa, tun 1991 da aka haɗe tsofaffin gandayen Gashaka da Gumti. Kwarinsa bai fi mita 300 daga saman teku ba, ƙololuwarsa kuwa mita 2,419 ce, a kan iyakar Kamaru. Birai da ɓauna da dorina suna ƙasa ne, cikin kurmi da bakin kogi, wajen ƙauyen Gashaka da Kwano, kuma ta Serti ake shiga inda hedikwatar gandun take. Dutsen kuma hanyarsa mafi sauƙi ta saman Mambila ce: a wuce Serti zuwa Mayo Selbe, a hau tsauni zuwa Nguroje, a nufi Njawai, daga nan sai ƙafa.

Yanzu ku ƙirga. Kwana 2 mota ta cinye. Rabin yini takarda da neman jagora. Dutse yana son kwana 3 in ba gudu za a yi ba, kurmi ma 3, ga kuma yinin sauya wuri tsakaninsu. Kwana 7 ba ya ɗaukar duka biyun. Ko ku ƙara 3, ko ku zaɓi ɗaya.

Aminu: To ba a iya tasowa da ƙafa daga Gashaka har sama, a ga komai a hanya?

Malam Buba: Ana yi, amma hawan mita 2,000 ne da ɗoriya cikin kurmi da kwazazzabai, ga ƙetare rafuka. Sai wanda ya ware fiye da mako, da 'yan dako, kuma ƙafarsa ta saba.

Ɗanjuma: Maganar wata kuwa, ni ƙarshen Disamba zuwa Janairu nake ba da shawara. Ruwa yakan ɗauke wajen Nuwamba, zuwa lokacin rafuka sun ja baya, hanyar mota ta bushe, zafin kwari bai tashi ba.

Usman G.: Ɗanjuma ban yarda gaba ɗaya ba. Janairu tsakiyar hunturu ce. Mutum ya sha wahalar kwana biyu ya hau, ya tarar hazo ya rufe komai, ko tsaunin da ke gabansa ba ya gani sosai. In don kallo ake hawa, ƙarshen Nuwamba ya fi: ruwa ya wanke sama, ciyawa tana kore, ana hango tsaunukan Kamaru tas.

Ɗanjuma: Gaskiya ne Malam Usman, amma faɗa masa kuɗin da zai biya. A Nuwamba ciyawar kwari ta fi mutum tsawo, raɓa tana jiƙa shi har wuya kafin hantsi, mashigin rafi bai gama sauka ba, kuma ruwan ƙarshe yana iya riskarsa a fili. Ga baƙi shida da ba su taɓa ba, na fi son su rasa kallo da su rasa hanya.

Malama Rifkatu: Ku biyun duk maganar dutse kuke yi. In dabba ake son gani, Fabrairu zuwa farkon Maris ne. An ƙone ciyawa, ido yana tafiya nesa, ƙananan ƙoramu sun ƙafe, dabbobi sun taru inda ruwa ya rage. Illarsa zafi: a kwari ma'auni yana kusantar digiri 40 da rana a Maris. Saboda haka fita biyu ake yi, daga 6 zuwa 10 na safe, sai daga 4 zuwa magariba. Tsakanin nan inuwa.

Sai kuma in rage muku buri kaɗan, Malam Aminu, don kada ku dawo kuna cewa an yaudare ku. Biri mai ganga na Gashaka ba irin na wuraren yawon buɗe ido na Uganda ko Tanzaniya ba ne da aka shekara da shekaru ana sabar da su da mutane har suna zama a gabanka. Irin na nan jinsin Najeriya da Kamaru ne, shi ne mafi ƙaranci a duk ire-irensu huɗu, kuma ƙiyasin masu bincike na cewa wajen 1,000 ne a gandun. Suna gudun mutum. Abin da galibi ake samu shi ne kukansu da asuba, wanda ake ji daga fiye da kilomita 1, da bugun saiwar manyan itatuwa da suke yi da hannu da ƙafa, da sheƙar da kowane babba yake saƙawa a kan itace duk yamma ya kwana. Wanda ya gan su ido da ido ya yi sa'a.

Aminu: Malama, to in ba a gan su ba me ake dubawa?

Malama Rifkatu: Abu da yawa, in jagoran ya san aikinsa. Sheƙa tana faɗin kwananta: in ganyen kore ne shar kuma akwai kashi ko warin fitsari a gindin itacen, ta daren jiya ce. In ganyen ya yi yaushi ta kwana biyu, in ya koma ruwan ƙasa ta daɗe. Ƙirga sababbin sheƙu a wuri ɗaya, ka san yawan manyan da suka kwana, don jariri tare da uwarsa yake kwana. Sai kayan aikinsu. A bakin ramin kwarkwasa za ka tarar da tsinkaye dogaye, an zage ganyensu, suna tsoma su kwarkwasar ta hau su suɗe. A ramin galla ko kogon zuma kuma sanduna ne masu kauri na tono, da wasu da bakinsu ya tattauje kamar asuwaki, na lasar zuma. Abin da binciken Kwano ya nuna, wanda aka fara a 2000 ƙarƙashin Farfesa Volker Sommer na wata jami'a a Landan, shi ne biran nan suna cin kwarkwasa sosai amma ba sa kamun gara da tsinke yadda na wasu ƙasashe suke yi, alhali ga suri nan a dajin. Kowane gungu da al'adarsa.

Waɗanda za ku gani ba wahala su ne gogo, da baƙin biri mai farin hanci, da gimchiki, da kirka a bakin kurmi. Biri mai roro, baƙi da fari mai dogon gashi, yana zama can saman itace, da sassafe ake jin gurnaninsa. Tsuntsu kuwa an lissafa fiye da iri 500. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya fi muku amfani a kan kowace kyamarar waya, ko guda biyu ne ku riƙa karɓa-karɓa.

Likita Hadiza: Bari in ɗora a kan ta Malama Rifkatu. Duk mai mura ko tari ko zawo a cikinku ba ya shiga kurmin birai, ko da ya biya kuɗi. Murar da za ta kwantar da mutum kwana uku tana kashe biri mai ganga, kuma macensu sai wajen shekara 5 take sake haihuwa, gungu ba ya farfaɗowa da wuri. Ƙa'idar da ake bi a duniya: tazarar mita 7 in an sa takunkumin hanci, mita 10 in babu, kada a wuce awa 1 tare da su, ba a cin abinci a kusa da su, ba a tofar da yawu. Mai bukatar bayan gida ya haƙa rami mai zurfin santimita 30 nesa da ruwa, ya binne.

Usman G.: Kuma kada a ba gogo abinci. Ko ɓawon ayaba.

Malama Rifkatu: Ƙwarai. Gogon da ya koyi abincin mutum shi ne gobe yake faɗa wa masarar mutanen Gashaka, shi ne kuma ake kashewa. A sansani a ɗaure abinci cikin buhu a sa cikin tanti ko a rataye, kada a bar shi a fili a tafi.

Ɗanjuma: To mu zo kaya, don nan ne 'yan birni suke faɗuwa. Ga lissafin sanyi: duk hawan mita 1,000 ma'auni yana sauka da wajen digiri 6 da rabi. Daga Serti zuwa ƙololuwa kusan mita 2,000 ne, ke nan bambancin digiri 13 zuwa 14, kafin a sa iska. Daren Disamba da Janairu a sama yana sauka ƙasa da 10, wani lokaci ya kusanci 5, a fili ba itace. Mutum ya taso Serti da gumi, bai yarda zai bukaci rigar sanyi ba.

Abin da ke kayar da mutum a can ba sanyin kaɗai ba ne, jiƙa ce tare da iska. Rigar auduga tana shan gumi ta riƙe, da an tsaya hutu iska ta bi ta kai, jiki ya fara zubar da zafinsa. Don haka riga uku: ta ciki irin ta 'yan ƙwallo mai saurin bushewa, ta tsakiya suwaita mai kauri, ta waje rigar ruwa mai tare iska. Hular sanyi da safar hannu. Kaya ɗaya cikakke na kwana a ƙulle cikin leda biyu, ba a taɓa shi sai an kafa tanti. Wandon jins ku bar shi a gida, in ya jiƙa yini guda bai bushe ba kuma yana goge cinya. Jakar barci mai ɗaukar digiri 5, da katifar soso siririya a ƙasa, don ƙasa ta fi iska zuƙe zafin mai kwance. Tabarma kaɗai ba ta yi.

Takalmi: mai kama idon sawu, mai tudun ƙasa, ya fi ƙafarka da rabin lamba ko lamba ɗaya, don a gangare yatsu suna dukan gaba har farce ya mutu. Kada a zo da sabo fil. A yi mako 3 ana tafiya da shi, a yanke farce kafin tashi. Safa ƙafa 4. Da ka ji wuri ya fara zafi a dunduniya, tsaya nan take ka manna filasta, kada ka jira bororo ya fito.

Nauyi kada ya wuce kashi 1 cikin 5 na nauyin mai ɗauka. Mai kilo 70, kilo 14. Abin da ya ragu na 'yan dako ne, su ma kada a ɗora wa mutum fiye da kilo 20, kuma a tanadar musu bargo da abinci cikin lissafi. Sanyin da zai kama ka shi zai kama su.

Aminu: Likita, wani ya ce mu nemi maganin ciwon tsauni kafin mu hau. Gaskiya ne?

Likita Hadiza: Ba kwa bukata. Wannan ciwon, mai kawo ciwon kai da tashin zuciya da rashin barci saboda ƙarancin iska, galibi daga mita 2,500 yake farawa, kuma Chappal Waddi bai kai ba, ballantana inda za ku kwana. Za ku ji haki ya ƙaru, shi ke nan. Maganar tana tasowa ne a Dutsen Kamaru da ya haura mita 4,000, ko Kilimanjaro mai mita 5,895. Ku kai hankalinku ga abin da yake kwantar da mutane a nan da gaske.

Na farko ruwa. Kowa lita 3 zuwa 4 a yini in ana tafiya, a kwari lokacin zafi har 5. Ku duba fitsari: in ya yi ja kuma ya ragu, an makara. Ƙoramar sama tana da kyan gani, amma shanu suna sha suna kashi a samanta. A tace da ƙyalle, a tafasa. Ƙasa da mita 2,000 minti 1 yana ɓararraka ya isa, sama da haka minti 3, saboda can ruwa yana tafasa tun yana wajen digiri 92. Ko a sa ƙwayar Aquatabs gwargwadon litar da aka rubuta a jikinta, a jira minti 30. In ruwan ya yi gurɓi ƙwayar ba ta aiki sosai sai an tace. Mai zawo a haɗa masa lita 1 na ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Na biyu zazzaɓin cizon sauro, a kwari. Gidan sauro, da abin gwaji na gaggawa, da maganin haɗi irin Coartem aƙalla na mutum biyu. Babba yana shan ƙwaya 4 na mai lamba 20/120 sau 6 cikin kwana 3, na biyu bayan awa 8 da na farko, tare da abinci mai maiƙo ko madara don jiki ya karɓa. Wanda yake amai bai riƙe magani, ko hankalinsa ya fara gushewa, a fito da shi, ba a jira gari ya waye ana duba hali.

Na uku ƙwari. Ƙudan tsando yana bin shuɗi da baƙi, don haka kaki ko ruwan ƙasa, dogon hannu, yadi mai ɗan kauri don yana huda siriri. A bakin kogi mai gudu akwai ƙananan baƙaƙen ƙudaje masu kawo makantar rafi, da rana suke cizo, galibi a ƙafa. Zuwan kwana kaɗan ba ya cika kawo cutar, amma ƙaiƙayin yana hana barci. A cusa wando cikin safa, a shafa man korar sauro mai DEET kashi 20 zuwa 30. Duk dare a duba kaska a hammata da matsematsi da bayan gwiwa, a cire ta da hantsaki daga kai a ja a miƙe, ba da wuta ko kananzir ba.

Alhaji Sale: Likita ki ƙara musu da nono. A sama za su wuce rugage, za a kawo musu madara sabuwar tatsa don karamci. A karɓa da godiya, a tafasa kafin a sha. Bakkale, ciwon nan mai sa shanu ɓari, da tarin shanu duk ta ɗanyar madara suke shiga mutum.

Likita Hadiza: Na gode Alhaji, haka ne. Sai maciji. A ciyawar kwari akwai kasa da kububuwa da gamsheƙa. Yawancin sara a ƙafa ne, da dare ko da magariba, ga mai silifa ba tocila. Kowa da tocilar goshi, a zazzage takalmi da safe. In an yi sara: a kwantar da mutum, a cire zobe da agogo, a ɗaure ƙafar da sanda yadda ba za ta motsa ba, a ɗauke shi zuwa asibiti mai allurar kashe dafi. Ba a ɗaure jijiya da igiya, ba a tsaga, ba a tsotsa. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, tsagar da aka yi ita za ta yi ta zuba. Kuma mutum yana iya jin garau yini guda kafin jini ya fara fita ta dasashi, don haka jin sauƙi ba dalilin fasa asibiti ba ne. Ku tambaya tun a Serti ina ne mafi kusa da ake da allurar a lokacin.

Malam Buba: Ni kuma in yi maganar tafiyar kanta. Ba a shiga ba takardar izini da jami'in gandun. Wannan ba maganar tara ba ce kawai. Saman dutsen fili ne na ciyawa, tuddai masu kama da juna, hanyoyin shanu sun sarƙe ko'ina, gajimare yana sauka cikin 'yan mintuna ka kasa ganin na gabanka. Kuma taku kaɗan ka shiga Kamaru ba ka sani ba, don haka kowa da katin shaidarsa a jiki. Jami'an ne kuma suka san inda ake da matsalar tsaro a makon, da masu farauta ko masu saran madobiya. Labarin wata uku da suka wuce ba ya amfani a wannan, a kira hedikwata kafin a taso, a sake tambaya in an iso.

Lissafin lokaci: ga baƙo mai kaya, kilomita 4 a awa a shimfiɗe, a ƙara awa 1 kan kowane hawan mita 400, a ƙara minti 10 na hutu duk awa. Misali yinin kilomita 12 mai hawan mita 800, awa 5 ne, da hutu 6. A Janairu rana tana fitowa wajen 6 da rabi ta faɗi wajen 6 da kwata, kuma duhu ba ya jira. A tashi da an idar da asuba, a kafa tanti kafin 4. Ranar ƙololuwa a yanke lokacin juyawa tun a sansani: ƙarfe 1 ta yi, ko an kai ko ba a kai ba, a juyo. Mafi rauni a gaba bayan jagora, mai ƙarfi a ƙarshe, ba wanda yake ɓacewa daga idon na bayansa. A saukowa ne gwiwa da idon sawu suke tafiya, don an gaji kuma busasshiyar ciyawa tana da santsi. Sanda a hannu, gajeren taku.

Usman G.: Malam Buba ka manta da wuta.

Malam Buba: Ban manta ba, ina zuwa. Rani lokacin ƙuna ne. Wuta ta fi gudu in tana hawa, don harshenta yana gasa ciyawar da ke sama da ita kafin ya isa. Wanda ya ga wuta a ƙasansa ya ruga sama, ta cim masa. A yi gefe, a nemi inda ya riga ya ƙone, ko dutse tsirara, ko bakin rafi. Kada a kafa tanti cikin doguwar busasshiyar ciyawa, a share kewayen murhu taku 3, a kashe da ruwa har toka ta huce a hannu. In kuma tafiyar ta kai Maris ko Afrilu, hadarin farko yana zuwa da tsawa. Tsakanin walƙiya da ƙara, kowane daƙiƙa 3 kilomita 1 ne. In bai kai daƙiƙa 30 ba, a sauka daga kan tudu, a nisanci itacen da ke tsaye shi kaɗai, a warwatsu kada a cure wuri ɗaya.

Rafi kuma: in ruwa mai gudu ya wuce gwiwa, a jira ko a nemi inda ya fi faɗi, don faɗi yana rage ƙarfi. A kwance maɗaurin jaka na ƙugu, don in an faɗi a iya yar da ita. A fuskanci inda ruwan yake fitowa, sanda a gaba, ƙafa ɗaya ke motsi lokaci guda, da takalmi ba ƙafa tsirara ba.

Malama Rifkatu: Da dorina, tunda an zo ruwa. Akwai gurbin da ake kallonsu kusa da Gashaka. Daga kan gaɓa mai tudu ake kallo. Da dare suke fita kiwo su dawo da asuba ta hanya ɗaya, za ka ga turbar mai layi biyu. Kada a yi zango a kanta, kada a shiga tsakanin dorina da ruwa. Ɓauna kuma garke ba ya cika zama matsala, tsohon namiji mai zaman kaɗaici cikin duhuwa shi ne abin tsoro. In jami'i ya ɗaga hannu, kowa ya tsaya cik, a ja da baya a hankali, ba ihu ba gudu. Damisa tana nan, amma sawunta kawai za ku gani ko hotonta a kyamarar da masu gandun suke ɗaurewa a itace.

Usman G.: Abin da ke ɓata min rai a saman can shi ne shanu. Gandun ƙasa ne, amma ka hau ka tarar da garke, ga ƙuna duk shekara tana cin bakin kurmin da ke cikin kwazazzabai. Kurmin nan shi yake riƙe ruwan da ke gangarawa kogin Kam da Taraba har Binuwai. Kwanta-rafin dutse da gadar dutse ma sun yi wuyar gani saboda haka.

Alhaji Sale: Malam Usman a yi adalci. Mutanen nan ba kutse suka yi duka ba. Akwai yankunan da aka ware musu a cikin gandun, irin su Hendu da Selbe da Filinga da Sabere, sun riga gandun zama. Abin da ya kai su sama sanannen abu ne: can babu ƙudan tsando, ga ciyawa ga ruwa. Matsalar ta fi yawa daga garkunan da ke shigowa da rani daga waje, da kuma lokacin da ake sa wutar. Wutar farkon rani, ciyawa da sauran danshi, tana lasar sama ta mutu a bakin kurmi. Ta Fabrairu da Maris ita ce mai shiga ciki ta kashe ƙananan itatuwa. In ana son gyara, da mazauna wurin za a yi shi.

Usman G.: Na yarda da bambancin wutar, amma yawan shanun ma ya wuce abin da tudun zai ɗauka. Dubi zaizayar da ke bin hanyoyinsu.

Alhaji Sale: Wannan ban musa ba. Tun 2017 da hukumar gandayen ƙasa ta shiga yarjejeniya da gidauniyar Africa Nature Investors an ƙara jami'ai da sintiri, amma ƙayyade yawan dabba sai da ardo a zaune. Ku kuma masu zuwa, Malam Aminu, in kun isa ƙauye ko ruga ku fara da gaisuwar jauro ko ardo kafin ku sauke kaya. Goro, sukari, ganyen shayi, ba sa nauyi. Ba a ɗaukar hoton mata ko shanu sai an tambaya. Hausa tana yi, amma jagora mai Fulatanci ya fi.

Aminu: Allah ya saka da alheri. Mun yi shawara, za mu ƙara kwana 3 mu yi Janairu, mu fara da kurmi sannan dutse. Saura abinci, nawa za mu auna?

Ɗanjuma: Busasshen abinci giram 700 zuwa 800 ga kowane mutum a yini, har da jami'i da 'yan dako. Safe shayi da madarar gari da burodi ko kunun gyaɗa. Rana ba a ɗora tukunya: garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari, kilishi, dabino, gyaɗa, a aljihu ana ci ana tafiya. Dare shinkafa ko taliya da manja da busasshen kifi. Wake ku bar shi a ƙasa, a sama yana cin itace da lokaci bai nuna ba, sai in an jiƙa shi tun safe. Ƙaramin risho na gas ya fi, kada ku sari itacen kurmin sama. Ku ƙara abincin yini ɗaya na ko-ta-kwana. Leda da gwangwani duk wanda ya hau da su ya sauko da su.

Malam Buba: Tsarin ya yi, fara da kurmi yana gwada ƙafa da takalmi kafin a yi nisa da mota. Daga ƙauyen Gashaka zuwa Kwano rabin yini ne a ƙafa, wanda ya sha wuya a nan ya san matsayinsa. Ku riƙe tsabar kuɗi ƙanana tun daga Jalingo, kada ku dogara da tura kuɗi ta waya, sabis yana ɗaukewa da an bar babbar hanya. Ku yi cinikin jagora da 'yan dako da masu babur a gaban jami'i tun kafin a ɗaga kaya, a faɗi na yini nawa, wa ke ciyarwa, da ranar da masu babur za su dawo ɗaukarku a Njawai. Ku sauke taswira a waya, fawabank biyu, wayar ta kwana cikin jakar barci don sanyi yana zuƙe batir. Ku bar sunayenku da ranar fitowa a hedikwata da kuma wajen wani a gida.

Likita Hadiza: In an yi alwala a sama, a goge tsakanin yatsu su bushe sarai kafin a mayar da safa, jiƙaƙƙiyar fata ita ke saurin yin bororo. Kuma cikin ku shida in akwai mai asma ko hawan jini ko ciwon sukari, ya ga likitansa kafin tafiya, ya riƙe maganinsa kashi biyu, ɗaya a jakarsa ɗaya a ta wani.